Rabin Buta

Tun farkon zangon karatu Agwagwa bai samu sallar jam'i ba. Kuma shi ne na farko a bakin famfon masallacin jami'a, tun kafin ladan ya gyara murya. Abokan ɗakinsa ne suka laƙaba masa sunan, don kullum hannayen rigarsa sharkaf suke.

Zai wanke hannu har gwiwa, sai wata siririyar murya a ransa ta ce, "Ka tabbata ruwa ya taɓa nan?" Sai ya sake. Ya kai shafar kai, ta ce, "Niyya fa?" Sai ya koma farko. Ruwa ya yi ta zuba, ƙararsa ta cika masa kunne, duniya ta ja baya kamar ana hangen ta ta gilashi mai raɓa. Ɗalibai su gifta kamar inuwoyi. Wani sa'in yakan ji shi ma narkewa yake, yana bin magudanar ruwa, ya ratsa ƙarƙashin ɗakin karatu, ya ɓace can inda ba a tambayar kowa komai. Kafin ya dawo hayyacinsa, liman ya sallame.

Abin takaici, yabonsa ake yi. "Ustaz, wannan tsantseni haka! A sa mu a addu'a." Fatar yatsunsa ta tsattsage, darussa sun wuce shi, wuyansa ya zama kamar tsinke, amma ba wanda ya ga ciwo. Da ya gaya wa yayansa a waya, sai ya ce, "Ka ƙara azkar kawai, zai wuce." Ya ƙara. Muryar ta bi shi cikin azkar ɗin, wai bai furta daidai ba.

Ran nan da la'asar, rana ta yi laushi, yana can cikin ruwansa, sai wani hannu ya miƙo ya rufe famfon. Na'ibin liman ne, dattijon da ke koyar da lissafi, hula a karkace, garin alli a kafaɗa.

"Ɗana, tankin nan na jama'a ne. Ko kifi kake kiwo?"

"Malam, ban gama ba."

"Ka gama tun ina saukowa daga aji, ina kallon ka." Ya ɗauko wata ƙaramar buta, ya tara mata ruwa rabi, ya dangwarar a gabansa. "Ga rabonka. In ta ƙare, alwala ta ƙare."

"In wani wuri bai jiƙe ba fa? Sallata ta ɓaci ke nan."

"Waswasi ne wannan, malamai sun san shi tun da can. Hukuncin mai irinsa shi ne ya yi biris da shakka, ya wuce. Kai gani kake Ubangijinka na riƙe da jan biro yana neman inda zai rage maka maki. Ni ne mai jan biro, ɗana. Shi Mai rahama ne."

Agwagwa ya karkata butar. Ruwan ya zubo siriri, hasken yamma na wasa a cikinsa. Fuska, hannaye, kai, ƙafafu. Sai butar ta yi shiru. Muryar kuwa ta tashi da ƙarfinta, ya kai hannu ga famfo.

Malam ya riƙe masa tsintsiyar hannu, a hankali.

"Bar muryar waswasin ta yi ta surutunta. Bayan salla zan raka ka wurin likitar asibitin makaranta. Ciwo ne, yana da magani. Likitar ta yi nata, ni in yi nawa."

"Malam, za a ce na haukace."

"Su masu cewar, da kake ta narkewa a gabansu, me suka yi maka? Tashi."

Ladan ya ta da iƙama. Agwagwa ya miƙe, ya taka darduma mai ɗumi, ya shiga sahu. Kafaɗa ta taɓa shi ta dama, wata ta hagu. Ya daɗe bai ji ɗumin mutum kusa haka ba. Fanka na juyawa a sama sannu sannu. Muryar tana nan, tana cewa gwiwar hannunsa ta hagu a bushe take.

Liman ya yi kabbara. Agwagwa ya ɗaga hannayensa, da gwiwar da komai, ya bi shi.