Tsofaffin da ke Leɓen Dutse

Yayana Fidencio ya fi kowa a Huaylapa sanin dutse. Tun yana saurayi yake raka baƙi magangarar ruwan da ke bayan ƙauyenmu, ya shigar da su kogon jemagu da fitila a goshi, ya hau da su kufan gidajen nan masu zagaye da mutanen Chachapoya na dā suka bari a kan tudu. Ni kuwa alfadarai nake ja, ina ɗauko masu kasala da jakunkunansu. Da wannan muke ci, mu da Inna, tun rasuwar Baba.

Sai aka shimfiɗa kwalta zuwa wani kwari da ke maƙwabtaka da mu, inda magangarar ruwansu ta fi tamu tsawo, mota kuma tana kai mutum har gindinta. Baƙi suka ɗauke mana ƙafa. Ɗakunan da aka gina don saukarsu suka koma rumbun masara. Samari suka riƙa bin motar birnin Chiclayo neman aiki, aka rufe makaranta don babu yara.

Akwai wurin da Fidencio bai taɓa kai kowa ba. Can bayan magangarar, a tsakiyar bangon dutsen da ko akuya ba ta hawa, akwai wani leɓe da dutse ya yi wa rumfa. A nan tsofaffi suke tsaye, haka muke kiransu a gidanmu. Gumaka ne na yumɓu, kowanne tsayin mutum, da farar fuska mai dogon haɓa, kuma a cikin kowanne akwai gawa a zaune, naɗe da saƙi. Kakanmu ya nuna wa Baba, Baba ya nuna mana, ya ce a ajiye musu ganyen koka da muke taunawa a gaishe su, a dawo gida a rufe baki.

Wata rana muna cin dankali da miya, Fidencio ya ce, "Inna, wasu baƙi sun bugo mini waya daga birnin Lima. Sun ce sun gaji da wuraren da kowa ya gama ɗauka a hoto. Zan kai su wajen tsofaffi."

Inna ta ajiye cokali. "Ka ce me?"

"Kallo kawai za su yi."

"Ubanka ma ya sha talauci, amma bai nuna su ba."

"Baba yana da baƙi, Inna. Ni me nake da shi? Leƙa waje ki ga gidaje nawa hayaƙi ke tashi. In muka ƙara shekara a haka, daga mu sai karnuka za a rage."

"To a rage ɗin."

Ya juyo wajena. "Clorinda, ke bakinki ciwo yake yi?"

Na ce ni ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Ina jin tsoron abin da Inna take tsoro, ina kuma ganin haƙarƙarin alfadaraina yana fitowa.

Baƙin suka zo, Renzo da matarsa Maite. Mutanen kirki ne. Sun kawo wa Inna burodi, ta ƙi taɓawa. Muka tashi da sassafe cikin taɓo, Maite tana kan alfadari tana dariya duk lokacin da ya zame. A gindin magangarar na ɗaure dabbobin, muka ratsa ta bayan ruwan, yana dukan dutse har ba ka jin maganar na kusa da kai. Daga nan muka shiga kogo. Akwai inda sai an yi rarrafe, ciki a ƙasa, jemagu suna goga fiffike a kunne.

Renzo ya maƙale a tsakiya, ya ce, "Fidencio, in na mutu a nan, ka ce wa abokaina wajen faɗa da damisa ne."

"Ja tumbinka ciki, maigida. Tumbin Lima ne kogon bai saba da shi ba."

Muka ɓullo ta ɗaya bakin, sai sarari a ƙarƙashin ƙafa da gajimare yana yawo ƙasa da mu. Fidencio ya ɗaura musu igiya a ƙugu, ya bi da su a hankali, kafaɗa manne da dutse. Da muka sha kwana, ga tsofaffi a jere, suna kallon gabas kamar yadda na san su tun ina yarinya. Maite ta toshe baki, hawaye ya zubo mata. Yayana ya dube ni, fuskarsa cike da fara'a, kamar shi ya haife su.

Kafin su tafi ya roƙe su kada su faɗi sunan wurin, sai an gyara hanya an sa mai gadi. Suka yi alkawari, kuma sun cika. Renzo ya sa hotunan a intanet ba tare da suna ba. Sai dai a bayan hoto ɗaya ana hango magangararmu, wadda ta rabe biyu a sama ta haɗe a ƙasa, kuma duk ɗan yankin nan ya san ta.

Wayar Fidencio ta fara ƙara. Don Teófilo, shugaban ƙauye, ya tara mutane a ƙofar coci, ya rungume yayana, aka zaga da giyar rake. Aka ce da zarar ruwa ya ɗauke za a sare hanya. Damina kuwa ta sauka da ƙarfinta, kogon ya cika, ba mai iya wucewa. A cikin makonnin nan ne wasu mutane suka zo a farar mota, suka ce gahawa suke saye. Ba su sayi ko mudu ba.

Da ruwa ya janye muka hau, ni da shi. Tun daga bakin kogo na hango shuɗiyar igiya tana reto daga saman dutsen. Ba tamu ba ce. Fidencio ya tsaya, ya ce, "Clorinda, tsaya nan." Na bi shi duk da haka.

Masu igiyar sun sare kawunan gumakan sun tafi da su. Jikunan yumɓun sun farfashe kamar tukwane. Sun zazzage gawarwakin, sun kwashe saƙin da ya yi kyau, sun watsar da sauran. Ƙasusuwa ko'ina, wasu a kan leɓen, wasu sun gangara sun maƙale a rassan itatuwa. Ga gwangwanin kifi da suka ci suka yar, ga guntayen sigari.

Yayana bai yi kuka ba. Ya cire bargon da ya yafa ya shimfiɗa, ya durƙusa yana tsinta. Ya ɗago wani ɗan hannu, ƙarami ƙwarai, da jan zare ɗaure a wuyansa.

"Yaro ne," ya ce. "Ban taɓa sanin akwai yaro a cikinsu ba."

"Yaya, tashi mu tafi. Gajimare na rufowa."

"Wannan ƙafar ta wace ce? Wa zan haɗa da wa? Ke kin sani?"

Ban sani ba. Muka tattara abin da hannu ya kai, muka kai can ƙuryar kogo, muka jera duwatsu a kai.

Da muka shiga gida Inna ta dubi bargon, ta ga farar ƙura a jikinsa. Ta zuba masa abinci, ta tura masa kwanon da gefen hannu. Daga ranar ta daina kiran sunansa. In tana son itace sai ta ce mini, "Gaya wa ɗan'uwanki." Jami'an gwamnati suka zo daga garin Chachapoyas, suka auna, suka yi tambayoyi, suka koma. Ba a kama kowa ba.

Baƙi kuwa suka fara zuwa, kowa da hoton Renzo a wayarsa. Don Teófilo ya sa wani maginin tukwane ya gina sababbin gumaka, aka shafa musu farar ƙasa, aka ja su sama da igiya. Ya zo gidanmu da kansa.

"Fidencio, kai ka san hanyar. Kai za ka riƙa kai su."

"Babu kowa a cikinsu, Don Teófilo."

"Haba yaro, baƙo ciki yake leƙawa? Kai ka ce kana so gari ya tashi, ga shi yana tashi."

"Nemi wani."

Aka nemi wani. Yayana ya wuni yana zaune a bayan gida, yana jin hayaniyar baƙi suna wucewa. Ya rame, ya daina aski. Wata safiya ya ɗauki jaka ya tsaya a ƙofar ɗakin girki, ya ce, "Inna, zan tafi." Tana ɓare wake, ba ta ɗago ba. Ya jima a tsaye, sannan ya bi motar Chiclayo. Keke mai ƙafa uku yake tuƙawa a can, cikin zafi da ƙura, inda babu ko tudu.

Damina ta gaba ciwon ƙirji ya kwantar da Inna. Ana gobe za ta rasu ta kamo hannuna, ta ce, "Fidencio ya ci abinci kuwa?" Na buga masa, ya taso nan take, amma ƙasa ta zaftare ta rufe hanya, motarsu ta kwana biyu a tsaye. Ya iso bayan an binne ta.

Na gaya masa ta kira sunansa. Ya girgiza kai, ya ce, "Ba sai kin yi mini ƙarya ba, Clorinda." Na rantse masa, bai yarda ba. Ya zauna a kan kujerarta har la'asar, ya sha gahawa, ya ce motar yamma zai bi don mai keken yana jiransa. Ban raka shi tasha ba. Akwai baƙi da suka iso daga Lima, suna so a tashi da wuri, sai na fita yanko wa alfadarai ciyawa.