Gurbin Kalli

Ni na fara gani. Kafin ma'aikatan da ke riƙe da na'urori, kafin manyansu na Yamai, ni Fannami da ban taɓa shiga lekwal, makarantar boko, ba, ni na ce katin nan bai cika ba. Muna cikin layi a Gagamari ana raba wa 'yan gudun hijira sababbin katuna, sai maƙwabciyata Ya Falmata ta miƙo mini nata in riƙe mata za ta gyara mayafi. Na duba. Tsohon katinta layi biyu gare shi ƙarƙashin hoto. Wannan layi ɗaya ne.

Karatu ban iya ba. Amma shekara arba'in na yi ina sa wa buhunan tattasai alama a bakin Komadugu, kuma buhun wani bai taɓa sauka gidan wani ta hannuna ba.

Na ce, "Ya Falmata, ina Kalli?"

"Yana ciki."

"Ba ya ciki."

Kalli ɗanta ne, shi kaɗai ya rage mata, magidanci mai ƙarfi kamar bijimi. Ranar da mutanen daji suka shigo garinmu Yebi da bindigogi muka watse, tare muka kama hanyar Tumur da shi. Ni na iso, shi bai iso ba. Shekara takwas ke nan. Ba ta yarda an yi masa sadaka ba, kuma duk wanda ya kuskura ya ce marigayi a gabanta ya rasa gaisuwarta.

Ba don buhun gero ta damu ba. Idan mutum ya fito daga daji, ko aka sako shi daga inda ake tsare da shi, sunansa ake bugawa a na'ura, ta nuna inda danginsa suke. Mutum biyu a unguwarmu ta haka suka samu iyayensu. Wanda sunansa ba ya ciki, ko ya fito babu inda za a kai shi.

Mai rabon katin ya ce shi ba ruwansa, a je biro, wato ofishin ƙungiyar agaji, a Diffa. Muka shiga motar kasuwa, ita a gaba, ni a baya da akuya biyu da ba su san girman mutum ba.

A ƙofar biron ƙungiyar agajin mai gadi ya tare mu, wai sai da takardar ganawa.

Na ce, "Ɗana, harsashi bai tare ni ba, kai ne za ka tare ni da sandar roba?"

Ya yi dariya ya matsa.

Aka kai mu wurin wata Aliya, 'yar Damagaram, ita ce ke haɗa sunayen mutanen duk sansanonin tana aikawa Yamai. Ta ba mu kujera da ruwan sanyi, ta karɓi katunan biyu, ta yi ta danne-danne. Sai hannunta ya tsaya.

"Baba, wa ya gaya muku wannan?"

"Idona."

"Mutum ɗari da goma sha ɗaya ne suka zube haka, kuma babu wanda ya lura." Ta juyo da fuskar na'urar wajenmu, kamar za mu gane. "Kowane mutum a nan yana da gurabe. Gurbin suna, gurbin gari, gurbin shekaru, sai gurbin hali: da rai, ko ya mutu. Na Kalli an bar shi babu komai, don ba a sani ba. To idan zan aika Yamai, na'ura tana ɗaure bayanan ne cikin ƙunshi ɗaya, can kuma wata ta kwance. Wurin ɗaurewar akwai zaɓi. Wani ya zaɓi a zubar da duk wanda gurbin halinsa ke fanko."

"Wane ne wanin?"

"Ban sani ba, Baba. Ƙila bai ma san ya zaɓa ba. Haka abin yake zuwa idan ba a taɓa shi ba."

Na ce mata wannan ai tsohon zance ne. Buhu da ba a cika ba daban, buhun da babu shi daban. Mai mota da bai san bambancinsu ba, ba a ba shi kaya.

Ya Falmata ta ce, "To 'yata, ki zaɓi ɗayan."

"Zan gwada, Inna."

Ta gwada a gabanmu. Ta ce yanzu ta sa na'urar ta riƙe gurbin, ta rubuta a ciki cewa ba a sani ba. Ta aika. Ba a yi minti ɗaya ba wani jan rubutu ya fito. Ta ce mai kwancewar can kalma biyu kawai aka koya mata, kuma an ɗaure ta tamau: in ta ga ta uku, ba mutum ɗaya take mayarwa ba, ƙunshin gaba ɗaya take ƙi, da iyalai dubu huɗun da ke ciki.

Ta ɗauki waya ta kira Yamai. Faransanci suka yi, amma ni na san muryar mutumin da ke cin abinci yana amsa waya. Da ta ajiye ta juyo gare mu.

"Ya ce za a gyara a sabon tsari, ƙila bayan damina. Amma tsohon kundi yau ake rufe shi, ƙarfe huɗu. Abin da bai shiga sabo ba ya tafi ke nan."

"Ki sa yana da rai," in ji Ya Falmata. "Ai yana da rai."

"In na sa haka, cikin wata ɗaya za a nemi ya zo ya dangwala yatsa. In bai zo ba a goge shi, a ce sunan bogi ne."

"In kin sa ɗayan fa?"

Ba ta faɗi kalmar ba. Shekara takwas bakinta bai ɗauke ta ba.

Aliya ta rage murya. "Waɗannan ba a goge su, Inna. Sunan yana zama, da naki a gefensa, da Gagamari. Ranar da wani ya fito ya ce ni ne Kalli ɗan Falmata na Yebi, za a buga, sunan ya fito. Za su yi mamaki, amma za su kawo miki shi."

Fanka na juyawa a sama. A waje wani direba na faɗa da mai gadi kan wurin ajiye mota. Ya Falmata ta juya tsohon katin a hannunta, ta shafa layi na biyu da babban yatsa.

"Wato sai ya mutu za a same shi."

"A cikin na'ura kawai, Inna."

"Na'ura ba ta haihu ba."

Aka kira sallar azahar, muka fita muka yi, muka dawo. Ya Falmata ba ta ci komai ba, duk da Aliya ta aika an sayo mana shinkafa. Ni na ci tawa, don yunwa ba ta taɓa gyara wa kowa lamari ba. Wajen ƙarfe uku ta ɗago kai.

"Ki sa."

"Sai da shaida," in ji Aliya. "Wanda ya gani, ya faɗi wuri da lokaci, ya dangwala yatsa."

Ya Falmata ta juyo gare ni. Shekara hamsin muna maƙwabtaka, tun a Yebi, ba ta taɓa roƙona ko gishiri ba.

"Fannami, kai ne kuka kama hanya tare. Kai ka ce mini ka gan shi yana gudu ta gabas. Ka yi mini ƙarya guda ɗaya. Allah ya san dalilinta, zunubin a kaina."

Na ce, "Kawo abin yatsan."

Aliya ta tambayi wuri. Na ce hanyar Tumur, kurmin goruba da ke bayan tsohuwar rijiya. Ta tambayi lokaci. Na ce da hantsi, ranar da aka watse. Ta tambayi yadda aka yi. Na ce harbi ne, a baya, ƙarƙashin kafaɗar hagu, kuma riga shuɗiya ce a jikinsa.

Yarinyar ta daina bugawa, ta dube ni. Na dube ta. Ta mayar da idonta kan aikinta, ba ta ƙara tambaya ba. Na dangwala, ta aika, jan rubutu bai fito ba. Sabon kati ya fito daga inji da ɗuminsa, layi biyu.

A mota Ya Falmata ta ƙulle katin a bakin zane, ƙulli biyu. Mun wuce shingen sojoji sannan ta waiwayo.

"Tsohon nan, ashe ka iya tsara ƙarya. Har da goruba da rijiya." Ta yi 'yar dariya, irin wadda na manta tana da ita. "Allah ya yafe mana. Yanzu dai in ya fito zai same ni."

Na ce amin.

Ba ƙarya na faɗa wa Aliya ba. Ƙafata ce ta gaza a hanyar Tumur, Kalli ya goya ni ya kai ni cikin gorubar nan, ya kwantar da ni, ya koma ɗauko wata tsohuwa da ta faɗi a fili. Ina kwance ina kallo. Bai kai wurinta ba. Na jira har rana ta juya, bai motsa ba. Da na iso uwarsa ta riƙe mini riga tana tambaya, ni da ban ji tsoron bindiga ba na ce na gan shi yana gudu.

Sauran ɗari da goman, Aliya ta ce za ta bi gidajensu ɗaya bayan ɗaya da takarda da alƙalami, ta ajiye sunayen a aljihun teburinta har a gyara. Ban sani ba ko an gyara.

Akwai masu cewa Fannami cika baki ne, rabin zancensa iska. To wanda ya ce wannan ma ƙirƙira na yi, ko ya ce da shi ne da tuni ya gaya mata, Gagamari ba nisa. Rumfarta ce ta uku bayan famfo, tana zama a ƙofa da la'asar tana kallon titi. Ya je ya tsaya a gabanta ya faɗa, ni zan biya masa mota.