Sunan da Ke Kan Bindigar Shamroz

Shekara talatin da ɗaya ina buga suna a jikin bindiga a kasuwar Darra, kuma babu namu ko ɗaya a ciki. Wani ya huda bututu, wani ya sassaƙa ƙota, wani ya haɗa kunama, sai a kawo mini in ɗora tambarin wani kamfanin Turai da kambinsa da lambobinsa. Ban iya karanta baƙaƙen ba, rubutunmu kaɗai na sani, amma na rantse masu su ba su fi ni iya zana su ba. Bindigar da ba ta da irin wannan tambari a wurinmu tsirara take, ba mai fita da ita gaban mutane. Haka muka taras, kuma ni Zarwali ban taɓa ganin aibun abin ba. Ƙanena Shamroz ne ya gani, shi da ba ya iya barin magana ta wuce.

Abin ya samo asali ne a ƙauyen Spin Kamar, ranar da muka raka wani ɗan'uwanmu ɗauko amarya. Mutanen garin suka kafa mana nakha kamar yadda aka saba, wato farin faranti can a ƙirjin dutse, wanda sai 'yan rakiyar ango sun fasa shi da harsashi kafin a ba su amarya. Muka yi ta ɓarin wuta tun azahar har la'asar. Mun tayar da ƙura ta ko'ina a jikin dutsen nan, farantin yana nan yana kallonmu. Daga ƙarshe mai garin, Malik Janat Gul, ya sa aka ɗauko masa tasa ta ƙasar waje, ya fasa shi a harbi na biyu.

"Bindigar Darra ai ta biki ce, ƙara kawai," in ji shi. "Ku ɗauki amaryarku, mun yafe muku."

Mahaifinmu, Ustad Nek Amal, yana zaune a wurin, kuma rabin bindigogin da suka kuskure aikin hannunsa ne. Ya sunkuyar da kai bai ɗago ba har muka hau mota. Da sanyin shekarar ya rasu. Ban ce maganar Malik ce ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, amma da ita ya tafi, kuma wannan ya ci mana rai ni da Shamroz.

Bayan shekara biyu sai ga ɗan Shamroz ya samu mata a Spin Kamar ɗin dai, 'yar ƙanen Malik. Aka sa biki wata takwas. Ranar da aka sa, Shamroz ya sallami masu jiran aiki a shagonsa, ya ce bindiga ɗaya zai yi a bana.

"Ɗaya? Me iyalinka za su ci, ƙarfe?" na tambaye shi.

"Za su ci abin da naka suke ci, Lala. Ai gidanka ba nisa." Lala yake kirana, wato yaya a yarenmu.

Bututu uku ya huda ya jefar. Ni da idona ban ga abin da ke damun ko ɗaya ba, amma shi ya ɗaga wa rana, ya leƙa, ya girgiza kai, ya wurga bayan shago. Na huɗu ne ya yarda da shi, bayan wata uku yana gogar cikinsa kamar mai yi wa jariri wanka. Itacen ƙotar ma sai da ya je har Tirah ya zaɓo.

Harsashin ne ya mai da shi abin dariya. Mu a nan yankakken kwanson harsashi ake sawa a ɗebi albarushi a zuba, wani ya fi wani cika, a toshe da dalma, sauran a bar wa Allah. Shamroz ya tafi Kohat ya aro sikelin maƙerin zinariya. Ya zauna yana auna albarushin kowane harsashi, yana ƙara ƙwaya yana rage ƙwaya da hantsaki. Dalmar ma aunawa yake, cikin goma ya ɗauki biyu. Maƙwabta suka riƙa leƙowa suna cewa, "Shamroz, a auna mana 'yan kunne." Bai kula kowa ba. Kullum da hantsi ya hau dutsen bayan kasuwa ya gwada, har matarsa ta kwashe sauran farantanta ta kawo gidana ajiya.

Saura kwana uku biki ya kawo mini bindigar a naɗe cikin mayafi. Da na warware sai na ga tun da nake ban taɓa riƙe irinta ba.

"Sunan Baba za ka sa," in ji shi. "Da rubutunmu."

"Kai, ka san abin da kake faɗa? Wa ya taɓa yi?"

"Kai za ka fara."

"In ta kuskure fa? A gaban Janat Gul, da sunan Baba a jikinta?"

"Lala, sunan Baba," ya sake faɗa, ya fita abinsa.

Yini biyu ina juya ta. Tsoro ne ya kama ni, ba wani abu ba. Ina rufe ido sai in ga Baba kansa a sunkuye. Na ce a raina abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, in ta kuskure gara kunyar ta hau kan Turawa. Ban tsaya na tambayi kaina abin da zai faru in ta samu ba. Na ɗauko tambarina mafi kyau na buga mata, aikin da ko a ƙasar masu sunan ba za a tsargu da shi ba. Na naɗe ta, ban miƙa masa ba sai da muna hawa mota ranar biki.

A Spin Kamar ya warware mayafin. Ya dubi tambarin, ya dube ni. Da ya zage ni da na ji sauƙi, amma sai ya kau da kai.

Malik ya sa an kai farantin nesa da inda yake wancan karon, har sai ka ƙanƙance ido kafin ka gan shi. Samarinmu suka fara, suka yi ƙararsu suka gaji. Sannan Shamroz ya shimfiɗa mayafi ya kwanta rub da ciki. Ya daɗe yana kallon ciyawar da ke kaɗawa a gefen kwarin, har mutane suka fara tambaya ko barci ya yi. Harbin farko ya tayar da ƙura dab da farantin. Na biyu ya watsa shi.

Masu ganga suka ɗauka, samari suka shiga rawa. Malik ya taso ya karɓi bindigar, ya sa tabarau, ya bi tambarina da yatsa, sannan ya ɗaga ta sama don kowa ya gani.

"To ai ga zance. Ni na san a rina," in ji shi. "Ashe ku ma mutanen Darra in abu ya zo na gaske kun san inda ake sayen bindiga. Shamroz, ka ba ni ita in ba ka taraktata."

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wata takwas na ƙanena, da shekara hamsin na mahaifinmu, ni da hannuna na ɗauka na miƙa wa mutanen da ba su ma san da mu a duniya ba. Shamroz yana tsaye yana kaɗe ƙurar rigarsa, bai ko kalli inda nake ba.

"Malik Sahib, ni na buga wannan tambarin," na ce. "Jiya, a shagona."

Aka kwashe da dariya. Malik ya dafa kafaɗata. "Zarwali, mun san ka iya guduma. Amma ba a buga wa bindiga saiti da guduma. Zauna ka sha shayi."

Magagarin gogar ƙarfe da kurfin zane ba sa barin aljihun falmarana, ko masallaci zan je. Na karɓi bindigar daga hannunsa kamar zan duba, na zauna a ƙasa, na ɗora ta a gwiwa, na sa magagari a kan kambin. Ƙarar gogar ta tsayar da ganga.

"Ka haukace ne? Dukiya kake gogewa," in ji Malik.

"In ta Turawa ce, na haukace. In ta ƙanena ce, datti nake cirewa."

Daga nan ba wanda ya ƙara dariya, don kowa a wurin ya san ba mai goge sunan Turai na gaskiya a jikin ƙarfe. Na goge kambin, na goge baƙaƙen, na goge lambobin. Da na ɗauko kurfi sai na ji mutum ya durƙusa kusa da ni ya riƙe mini bututun da hannu biyu. Shamroz ne.

"A hankali, Lala. Kowane bugu yana taɓa saitin."

Ban taɓa zana rubutunmu a ƙarfe ba, ga mutum ɗari uku a kaina. Na dai yi. Nek Amal, Darra. Harafin farko ya hau sama, na ƙarshe ya gangara.

Malik ba mai saurin sauka ba ne. Ya ce tunda bindiga ta sake suna, sai ta sake harbi, ya aika aka kafa wani farantin a wurin na farko. Na ja Shamroz gefe.

"Na bubbuge ta da yawa. In ta kuskure yanzu, sunan Baba ne ya kuskure."

"Ai shi ya sa na ce a sa," in ji shi. "In ta samu tamu ce, in ta kuskure ma tamu ce."

Ya kwanta. Ta kuskure, kuskure mai kyau, kamu uku ko huɗu ta dama. Sunan Baba ya kuskure a gaban Spin Kamar duka, kuma sama ba ta faɗo ba. Wani ya yi tari, wani ya yi 'yar dariya. Shamroz ya murɗa saitin, ya sa wani harsashin daga cikin waɗanda ya auna da hantsaki. Wannan ya matso. Ya sake murɗawa, ya jira ciyawa ta tsaya. A na uku farantin ya tashi.

Malik ya sake sa tabaransa ya sunkuya kan bindigar. Wannan karon da ƙarfi ya karanta, kowa ya ji. Sannan ya ce, "Allah ya ji ƙan Ustad." Ya juya ya ce a fito da amarya.

A mota, muna gangarowa, Shamroz ya shafa rubutun da babban yatsa.

"Ya karkace, Lala."

"Na sani. Kawo ta shago gobe in gyara."

"Bar shi haka."

Ya hana ni taɓa shi har yau. Shi ne aiki mafi muni da hannuna ya taɓa yi a kan ƙarfe, kuma cikin duk sunayen da na buga shi kaɗai nake iya karantawa.