Riga ta Biyar

Dinah ta ƙara garwashi a dutsen guga, ta hura shi har ya yi ja, sannan ta shimfiɗa riga ta biyar a kan tebur. Sauran huɗun suna ninke a cikin leda tun jiya. Atamfa ce shuɗiya mai ɗigon fari, duk ɗinki iri ɗaya, gajeren hannu da maɓalli huɗu. Wannan dai ta fi sauran faɗin kafaɗa.

Markus, mijinta, shi ya kawo yadin tun watan Oktoba. Shi ne mai ganga a Taurarin Tudu, ƙungiyar makaɗa su biyar da ke wasa a bukukuwan aure da tarukan coci a Zuru. Bana sun samu abin da suka daɗe suna nema. An ba su Asabar uku a jere a Zauren Alheri cikin Disamba, su ne manyan masu wasa, wasu ƙungiyoyi kuma za su zo daga Kontagora da Yawuri su buɗe musu fili. Markus ya ce ba za su hau dandamali kowa da rigarsa kamar 'yan gudun hijira ba. Ta auna su ɗaya bayan ɗaya, ta yanka yadin ta ajiye.

Kwana ashirin da uku da suka wuce ya tafi gonar mahaifinsa wajen Bena yankan dawa. 'Yan bindiga suka tare hanya. An dawo da shi a bayan a-kori-kura tare da wasu mutum biyu. Da aka watse daga zaman makoki ta buɗe shago, ta tarar da yankakken yadi kashi biyar a kan keken ɗinki, ta zauna ta ɗinke su duka.

Nagoggo, dattijuwar da ke sayar da kayan miya a rumfar da ke jikin shagon, ta leƙo.

"Maman Praise, kin ci wani abu yau?"

"Na sha kunu, Inna."

"Wane kunu? Ga kwanon nan yadda na aje shi." Ta shigo ta ɗaga murfin ta mayar. Idonta ya sauka kan tebur. "Har da tashi kinka ɗinka?"

"An riga an yanka."

Nagoggo ta daɗe tana kallonta. Ita ce ta ɓare takardar tallar wasan daga jikin turken lantarkin da ke gaban shagon tun ranar da aka yi jana'iza, ba ta kuma taɓa faɗa ba. Dinah dai ta gani.

"Ɗiyata, kuka ba abin kunya ba ne," in ji Nagoggo. "Mutane na ta magana, wai ko a bakin kabari ba a ga hawayenki ba."

"Na ji suna faɗa."

"To mi ya hana?"

Dinah ta juya rigar ta goge wuyan. Tana barci, tana tashi, tana kai wa 'yarta Praise sabulu da biredi gidan kakarta inda aka ajiye yarinyar. Duk abin da aka ce ta yi tana yi. Sai dai komai yana zuwa mata ne kamar rediyon maƙwabta, tana jin sauti ba ta kama zancen.

"Zan kai musu kayan," ta ce. "Yau Alhamis suke gwaji. Ki duba min shago."

A bakin kasuwa ta tsayar da ɗan kabu-kabu. Ta ɗora ledar a cinya suka kama hanya. Takardar da Nagoggo ta ɓare guda ɗaya ce, garin kuwa cike yake da 'yan uwanta. Tana jikin katangar makaranta, tana bangon kantin magani, tana bayan motar haya da ke lodin Ribah. Mutum biyar a tsaye, Markus na biyu daga hagu, ya ɗaga sandunan kiɗa ya gicciya su a ƙirji.

"Zauren Alheri kika ce ko?" in ji mai babur, yana ɗan juyo da kai. "Jibi gari zai cika. Ni ma na saya wa madam tikiti. Amma wai an kashe mai gangarsu a hanyar Bena."

"Haka na ji."

"Allah ya kyauta. Mutumin ya iya kiɗa. Shi ya yi mana a auren ƙanena."

"Amin," ta ce.

Zauren babba ne, rufin kwano, da fankoki shida da babu mai juyawa a cikinsu. An tara kujerun roba a gefe har sun kusa taɓo taga. Daga baya janareta yana ta ƙugi. A saman dandamali an rataya babban ƙyalle mai hoto iri ɗaya da na kan titi, sai dai a nan fuskar Markus ta kai girman faifai.

Ezekiel, shugaban ƙungiyar kuma mawaƙinsu, ya ajiye makirfo ya sauko da sauri. Tare suka taso da Markus a barikin soja, iyayensu maza duk sojoji ne. Ya rame, gemu ya fito masa ba tsari.

"Maman Praise. Ai da kin kira ni na zo na karɓa."

"Hanya ce ba nisa."

"Ya haƙuri?"

"Da godiya."

Sauran ukun suka zo suka gaishe ta da murya ƙasa-ƙasa, kowa ya karɓi tasa ya koma gefe yana gwadawa. Ezekiel ma ya ɗauki tasa, leda ta rage da riga ɗaya. Ezekiel ya kalle ta, ya kalli rigar, ya shafa ƙeya.

"Akwai maganganu biyu da nake ta jin nauyin kawo miki," ya ce. "Na farko hoton nan. Wasu sun ce a rufe fuskarsa, wasu sun ce a bari. Baban Markus ya ce ke za a tambaya."

Ta ɗaga kai ta dubi ƙyallen. Mai bugawa ya ƙara masa hasken fata, ya kuma share tabon da ke gefen girarsa.

"Yadda kuka gani."

"Na biyu, ranar Asabar muna so ki zauna a gaba. In an kai tsakiya za mu tsaya minti ɗaya, ki hau, mu miƙa miki sandunansa. Mutane za su so su gan ki."

"To."

"To kin yarda, ko to kin ji?"

"Na ji."

Bai matsa ba. Ya juya ya yi wa wani dattijo hannu, wanda tun shigowarta yake zaune bayan gangunan bai motsa ba. Dattijon ya taso, dogo siriri, furfura ta cinye kansa, yana tafiya a miƙe kamar ana faretin safe.

"Wannan Baba Japhet ne. Shekara ashirin da biyu ya yi a badujalar soja. Shi ya yarda ya riƙe mana gangar."

Baba Japhet ya cire hula. "'Yata, sannu da haƙuri. Ban san mijinki sosai ba, amma na taɓa jin hannunsa. Ubangiji ya ta'azantar da ke."

"Amin, Baba. Na gode."

"Na ce wa Ezekiel ni da farar rigata zan zo. Ba sai an taɓa wannan ba."

Dinah ta dubi kafaɗunsa, ta dubi rigar. Ido ne na tela, shi ya riga ta yanke hukunci.

"Za ku ɓata layi, huɗu shuɗi ɗaya fari. Baba, saka mu gani."

Ya saka ta a kan singiletinsa. Rigar ta zauna masa kamar an rataya ta a ƙusa. Ta ciro fil daga bakin ɗankwalinta, ta kama gefe da gefe, ta tsuke, ta soka. Ta zaga bayansa ta kama kafaɗa. Inci biyu kowane gefe, ɗaya da rabi a kafaɗa.

"Cire. Yanzu zan rage ta, da allura a jakata."

"Ba sai kin koma shago ba?" in ji Ezekiel.

"Ɗinkin hannu ya isa. Ku yi aikinku."

Ta sauke kujera ɗaya daga tarin, ta zauna kusa da taga saboda haske. Ta juya rigar ciki waje, ta zura zare. Su kuma suka hau dandamali. Da farko a ɗarare suke, kowa yana satar kallonta, mai jita ya yi kuskure sau biyu. Da suka ga kanta a sunkuye yake, sai suka sake.

Ta san waƙoƙin duka. Shekara shida tana jin su ta bangon ɗaki, a kan teburin cin abinci da cokula biyu, a bayan bokitin wanka. Yanzu ma ta ji su ne kawai. Allura tana shiga tana fita. Ta gama gefen dama, ta ciji zaren, ta koma hagu.

Suka shiga waƙar da suke rufe wasa da ita, wadda rabinta Hausa ce rabi C'lela, ta manomin da ke kiran 'yan uwansa su dawo gida kaka ta yi. Kusa da ƙarshe akwai inda kowa yake tsayawa cak. Jita ta yi shiru, ganga ta yi shiru, muryar Ezekiel kaɗai ta ja kalma ɗaya ta sake ta. Sai a ƙirga huɗu a zuci, ganga ta dawo da kowa.

Dinah ba ta san ta tsayar da allura a sama ba. Ba ta san tana jira ba. Gangar ta faɗo tun ba ta shirya ba, ta zabura, allurar ta shige mata ɗan yatsa.

Ezekiel ya juya wajen Baba Japhet da fara'a a fuskarsa, irin wadda ke kuɓuce wa mutum. "Yau dai ta faɗa a kan huɗu," ya ce a cikin makirfo. Sai idonsa ya sauka kan Dinah. Fara'ar ta mutu. Kiɗan ya wargaje, kowa ya tsaya a inda yake.

Ta dubi yatsanta. Jini ya taru kamar ƙwayar gero, ya ɗiga a kan lafin rigar daga ciki. Da zafi. Ta daɗe tana kallonsa, tana mamakin yadda yake da zafi.

Baba Japhet ya ajiye sanduna ya sauko. Ya jawo kujera ya zauna nesa da ita kaɗan.

"Na yi wani abu ba daidai ba ne, 'yata?"

"A'a, Baba. Daidai ka yi." Ta sa yatsan a baki ta cire. "Shi ne ba ya yin daidai. Kullum sai ya makara a wurin nan."

"Shekara shida ina faɗa da shi a kan haka," in ji Ezekiel daga dandamali. Ya kashe makirfon, muryarsa ta dawo ƙarama.

"Tafin hannunsa yana gumi," ta ce. "In an yi shirun nan sai ya goge hannun dama a cinya, kafin ya kama sanda an wuce huɗu. Duk wandunansa na wasa sun koɗe a wuri ɗaya. Na ce masa ya riƙa ajiye tsumma, ya ce tsumma na masu gyaran mota ne."

Mai jita ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya juya baya da sauri yana murɗa wayoyin jitarsa. Dinah ta jira ta ga ko kuka zai zo. Bai zo ba.

"In kina so," in ji Baba Japhet a hankali, "ranar Asabar sai in jinkirta. Ba wuya. In ƙirga biyar."

Dinah ta hango zauren a ranta a cike, an yi tsit, dattijon nan yana ƙirga kuskuren wani da gangan cikin rigar da aka rage.

"A'a, Baba. Ka buga naka."

Ya gyaɗa kai.

Ta goge jinin da yawu da gefen zaninta har ya dushe, ta ƙarasa kafaɗar, ta juya rigar ta karkaɗe ta miƙa masa. Ya saka ya ɓalla maɓallan huɗu. Ya ɗaga hannuwa sama, ya sauke, ya juya kafaɗa. Ta zauna masa.

"Yaya Ezekiel," ta ce. "Hoton, ku bar shi. Amma ba zan hau ba. Sandunan ka kai wa babansa, shi ya saya masa na farko."

"To. Kujerar gaba fa?"

"Ka ajiye min ɗaya a bakin ƙofa. In na iya zan zo. In na tashi a tsakiya kada wanda ya biyo ni."

"Ba wanda zai biyo ki."

Ta tattara fil ɗinta, ta naɗe ledar da babu komai a ciki ta tura a jaka. Ta miƙe, sai kuma ta koma ta zauna.

"Ku sake ta ƙarshen nan."

Ezekiel ya dubi sauran. Baba Japhet ya koma bayan ganguna, ya gyara zama. Aka ƙirga, aka shiga. Dinah ta saurara tun daga farko, baiti bayan baiti, har manomin ya fara kiran sunayen ƙauyuka. Da suka kusa wurin, ta soke allurar a bakin ɗankwalinta, ta ɗora hannuwanta biyu a cinya.