Ƙarfen da Ba Ya Ja

Zarami maƙeri ya bugi ƙirji a tsakiyar kasuwar Gashua, wai tun daga kan kakansa babu ƙarfen da ya taɓa gagarar gidansu. Bakin nan nasa ne ya ja masa. Washegari sai ga Abbagana masunci da mutanensa sun kinkimo wani farin jirgin ruwa na ƙarfe mara nauyi, wanda Turawan awon kogi suka yar a Nguru. Ƙusoshin gindinsa sun zube, yana yoyo kamar kwando. Sauran ƙusoshin Turawan suna cikin wani gwangwani.

"Baba Zarami, ga ka ga ƙarfe," in ji Abbagana. Jama'a suka taru kallo.

Zarami ya san aikin, ai ya ga yadda ake ɗinke ƙarafan jirgin ƙasa a Nguru: a gasa ƙusa ta yi ja wur, a zura, a dake kanta. Ya sa ɗaya a wuta, Abbagana na zuga masa, ya zauna jiran ta yi ja. Ina! Tana nan fara fat, sai kawai ta kwanta ta bi gawayi kamar man shanu.

Ya ce laifin gawayin ne. Aka sake gawayi, ta biyu ma ta narke. Ya rage wuta, ya ƙara wuta, ya yi bisimilla, har awartakinsa ya jujjuya ko an yi masa asiri. Kansa ya ɗaure tam. Wane irin ƙarfe ne zai narke bai yi ja ba? Masu kallo suka fara ƙus-ƙus, ƙusoshi kuwa sai raguwa suke.

Don haushi ya fizgi ɗaya da sanyinta ya cusa a hudar gindin jirgin, ya ce Abbagana ya tokare ta daga ciki da guduma, ya maka mata masaba don ya huce. Kanta ya baje, ta kama gam. Ya gwada wata, ita ma haka.

Kafin la'asar jirgi na kan kogi, ko ɗigo babu. Aka yi ta yi wa Zarami kirari.

"Ashe abin ba ya son wuta!" in ji Abbagana yana dariya. "Baba, in ya sake yoyo ba sai na wahalar da kai ba, ni da gudumata mun isa."

Sunan gida ya tsira. Amma da Zarami ya waiwayi maƙerarsa, sai ya ga wutar ta mutu tuntuni, kuma babu wanda ya lura, har shi.