Ƙwan da ke Cikin Hular Baba

…kuma wa ya ce sai shafi bakwai? Bakwai fa. Suna, shekaru, unguwa, lambar kati, a sake rubuta lambar kati — mara lafiya ne, ba mai neman aiki ba. Ita maɓalli ɗaya ta bari a fuskar waya. Kore, ƙato, da hoton likita a kai. Ka danna, ka faɗi abin da ke damunka da bakinka, manhaja ta ba ka ranar ganin likita. Shi ke nan. Sauran aikin yana can ƙarƙashi inda ido ba ya kaiwa, wata huɗu na rayuwarta.

Tana tsaye bayan gilashin ɗakin gwaji. Manaja a damanta, shayinsa ya huce. A hagu Babban Yaya, haka kowa ke kiransa, shekara tara a kamfanin, shi ne mai shafi bakwai, yana taunar murfin biro. Yau za a zaɓa: nata ko nasa, wanne asibiti zai ba marasa lafiya. Idan nata ya faɗi… gyaran launin tambari, har illa ma sha Allahu.

Ba zai faɗi ba.

Can ɗaya gefen gilashin, Gwaggo. Ita ta kawo ta da kanta — ta ce a gwada da wanda bai taɓa shiga aji ba, nan ake gane gwani. Ga ta nan da ciwon gwiwarta, ta riƙe wayar da hannu biyu kamar an ba ta jaririn maƙwabta.

'Yar Dabo suke ce mata a ofis. Wai tsokana. Ai ita ta faɗa musu da bakinta ranar da aka ɗauke ta aiki: ubana ɗan dabo ne, Allah ya ji ƙansa. Bakin kasuwa, tabarma, hula, ƙwai ɗaya. Ya nuna hula ba komai, ya rufe ta da ƙyalle, ya buɗe — ƙwai. Aljihun ɓoye a hannun riga, Inna ta ɗinka, sau nawa tana farkewa tana sakewa? Ba wanda ya taɓa gani. Baba kan ce, "Auta, mutum ba wahalarki ya zo kallo ba. Ƙwai ya zo gani." Shekara huɗu a jami'a, littattafai masu kauri kamar bulo, duk abin da suka faɗa ke nan. Baba ya riga su, da silifas ɗinsa mai ɗinki.

Gwaggo ta danna. Ta yi wa waya sallama tukuna, har da tambayar gajiya — manaja ya murmusa — sannan ta ce gwiwa ce, ta hagu, tun da aka yi ruwan nan. Kafin ta rufe baki murya ta amsa: Laraba, ƙarfe goma na safe.

Daƙiƙa goma sha ɗaya. Nasa minti shida, rabin mutane ma ba sa kai ƙarshe. Biro ya tsaya a bakin Babban Yaya. Ka gani, Baba? Ka ga 'yarka? Matar da ke tashi da asuba ta kama layi, ta wuni a kan benci a ce mata likita bai zo ba… yatsa ɗaya. Ƙwai. Ji take kamar ta yi guɗa, ta danne, ta gyara mayafi kawai. Mutum dubu nawa ne irin Gwaggo? Za ta sa harsuna huɗu. Za ta sa na masu ciki daban, na allurar yara —

Gwaggo ta sake dannawa.

A'a, an gama ai. Gwaggo, an gama.

Sallama. Gwiwa ce, ta hagu. Alhamis, sha ɗaya. Ta juya wayar ta duba bayanta. Ta sake dannawa. Litinin. Gurbi uku ke nan ta kama, da a ce da gaske ne ba gwaji ba, da mutum biyu sun rasa. Ta dubi ma'aikaciyar da ke zaune kusa da ita, ta ce, "'Yar nan, ya aka yi ya san likitan yana nan? Ai bai je ya tambayo ba." Wai ita dai za ta yi sammako ta kama layi, don kada a yi biyu babu.

Manaja yana rubuta wani abu. Me yake rubutawa?

Amma ai ya yi aiki… ya yi, ba kuskure ko ɗaya. Kwana uku ta yi tana yanke daƙiƙa biyu daga lokacin amsawa, har ta aika wa ƙawayenta hoto.

Ƙyallen. Baba ya rufe hula — ƙwai yana ciki tuni, ta sani, tun kafin ƙyallen ya sauka. Amma ba ya buɗewa. Ya hura. Ya dubi sama. Ya kira wata mai tallar tabarmi ta taɓa. Ya girgiza kai kamar abin ya ƙi, gumi na tsattsafowa, kasuwa ta yi tsit… ita tana gefe tana jin haushi, me ake jira? Ɓata lokaci, haka ta ɗauka. Irin wannan jiran ne abin da ta fara cirewa daga manhajarta. Ita mai digiri.

To ta mayar da jiran? Murya ta ce, bari in dubo miki, Gwaggo. Wani abu ya ɗan juya a fuskar wayar, alhali amsa na nan tun tuni. Ƙarya ke nan? Gumin Baba ƙarya ne? Ta taɓa rigarsa bayan wasa, jiƙe take sharkaf…

"To, 'Yar Dabo?" in ji manaja.

Tana da amsa. Tana da ita, saura kaɗan, gyaran rabin yini ne. Bayan gilashi yatsan Gwaggo ya sake ɗagawa, karo na huɗu. Tsakanin rufewa da buɗewa — daƙiƙa nawa ne, Baba? Uku? Biyar? Shekara goma tana kallo, ba ta taɓa ƙirgawa ba…