Ya Yi Kyau, Baba

Da aka ba ni shugabancin sashen tsara manhaja a shekarar 2016, abin da na tarar a ofishinmu na Anka shi ne tebura, da wata fanka mai kuka, da Malam Dalhatu. Sauran ma'aikata aka ce in nemo da kaina. Aikin da ke gabanmu manhajar waya ce ta ma'aikatan lafiya masu bibiyar yaran da gubar dalma ta taɓa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, don a san wanda aka gwada jininsa, da wanda lokacin komawarsa asibiti ya yi.

Babban sakatarenmu a Gusau bai ɓoye mini komai ba. Akwai wani kamfani a Abuja da ke jiran a miƙa masa aikin, ni ce na kafe a kan a bar ni in ɗauki 'yan gida in horar da su.

"Na ji, Zaliha," in ji shi. "Amma in aka kai abin nan gwaji ya kasa, sashen ya rufe, kowa ya kama gabansa."

Ranar ɗaukar ma'aikata na duba takardun shaida, amma ba su na bi ba. Na ba kowa farar takarda da biro, na ce ya zana mini yadda uwar da ba ta yi boko ba za ta gane ranar dawowa da ɗanta. Wani ya cika shafi da Turanci. Wani ya zana tutar Najeriya, har yau ban san dalili ba. Mutum uku na ɗauka. Doris 'yar ƙabilar Tibi ce, amma a Gummi aka haife ta inda babanta ya yi koyarwa, kuma katin biki take bugawa a wani shagon kwamfuta. Ɗahiru Bafulatani ne daga gefen Bukkuyum, mai gyaran waya ranar kasuwa. Sai Fatiha, wadda ba ta jima da gama kwaleji ba, mai maganar da sai ka matso kafin ka ji. Biyun farko shagunansu suka bari suka biyo ni.

Malam Dalhatu kuwa tun ban shiga firamare ba yake zana wa gwamnati hotunan faɗakarwa. Hannunsa na da kyau, kuma da furfurarsa ya zauna ya koyi kwamfuta, bai taɓa nuna ya fi ƙarfin a koya masa ba. Kowa Baba yake ce masa, har ni.

Horo ya tafi daidai, yaran suna da kai. Abu ɗaya ne ya gagare ni, wato zaman gyara. A wani kwas da aka tura ni Kaduna an nuna mana cewa masu zane kan zauna duk mako, kowa ya nuna aikinsa, sauran su faɗi aibinsa tun bai fita waje ba. Na sa ranar Laraba. Sai a haska zane a bango, in ce, "To, me kuka gani?" Sai ka ji, "Masha Allah, ya yi kyau." In na Malam Dalhatu ne, hoton bai gama fitowa ba an ce, "Ya yi kyau, Baba." Haushi kamar ya kashe ni. Amma ni ɗin ma da an zo kansa sai harshena ya yi nauyi. Wa zai dubi sa'an mahaifinsa a gaban mutane ya ce masa aikinka bai yi ba?

Ga shi kuwa shafin da ya fi kowanne muhimmanci a hannunsa yake, wanda ma'aikaciya za ta shigar da bayanin yaro. Ya ƙawata shi da zayyana irin ta hular zanna, rubutu ƙanana ruwan toka, maɓallin ajiyewa da na gogewa kafaɗa da kafaɗa, launinsu ɗaya. A kwamfuta, cikin inuwar ofis, abin gwanin sha'awa ne.

Kafin babban gwaji muka kai wayar can ƙauyen Tungar Guru, wurin wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Saude. Baba bai bi mu ba saboda ciwon gwiwa. Rana tsaka, mata sun yi layi da goyo, Saude ta juya wayar nan, ta kare ta da hannu, daga ƙarshe ta cusa ta cikin hijabi tana leƙe. Da ƙyar ta gama shigar da bayanin wani yaro, babban yatsanta ya sauka a kan gogewa. Sai da aka sake kiran uwar, wadda har ta kama hanyar gida.

"Hajiya, wagga aba ai sai cikin ɗaki," in ji Saude. "Ni kau aikina bakin rana ya ke."

Muka shiga mota muka kamo hanyar dawowa. Can sai na ji Doris a baya tana ce wa Ɗahiru, "Kai ɗan kiwo, wanga hoto da ka yi na uwa da ɗanta, mutum ta ko saniya? Matan nan dut ba wadda tag gane shi."

"Ke ruhe muna baki, ku da kunka cinye muna shanu," in ji Ɗahiru. "Ke naki shahin hwa? Sai an danna wuri huɗu kahin a ga sunan yaro. Mi kika ɓoyo ciki, doya?"

Suka kwashe da dariya. Kafin mu kai Anka ya ciro takarda yana sake zana uwar, ita kuma tana lissafa shafukan da za ta rage. Na juyo ina kallonsu baki buɗe. Wata da watanni ina roƙon a faɗi gaskiya a ofis, ashe tana nan a bakin abokan wasa. Tsakanin Bafulatani da ɗan Tibi ba a fushi, kome aka faɗa ya wuce.

Laraba ta gaba na canza tsari. Na ce Doris ce za ta duba aikin Ɗahiru, shi ya duba nata, kuma da bakin wasa nake so, ba da bakin ofis ba. Fatiha muka tono asali har muka gano kakarta Banufiya ce, ni kuma Innata Bakatsiniya ce, shi ke nan na samu tawa abokiyar wasan. Ranar da yarinyar nan ta buɗe baki ta ce jadawalin aikin da na tsara ya fi tuwon Katsinawa tauri, sai da na riƙe ciki don dariya. Aiki ya fara gyaruwa, kowane mako manhajar na ƙara sauƙi.

Saura Baba. Ba a wasa da uba, kuma duk tonon asalin da na yi ban samo masa abokin wasa a cikinmu ba. Na yi niyyar in same shi shi kaɗai in gaya masa, na je na zauna, na ƙare da tambayar gwiwa. Na so in sa Doris ta gyara shafin a ɓoye, na ga wannan ya fi faɗa masa cin fuska. Ranar gwaji a Bukkuyum tana matsowa, mutanen Gusau za su zo, ni kuma na san da shafin nan ba za mu kai labari ba. Tsoro nake ji ƙwarai, ba don kaina ba, don yaran da na raba da sana'arsu.

A zaman ƙarshe kafin gwajin, an gama yi wa Ɗahiru tsiya an gyara masa aiki, aka haska shafin Baba. Dariya ta ɗauke.

"Ya yi kyau, Baba," in ji Doris, idonta a ƙasa.

Malam Dalhatu ya cire gilashinsa ya ajiye a tebur.

"Ku dakata," ya ce. "Kowa ana yi mai dariya ana gyara mai aiki, ni ɗai anka bari da ya yi kyau. Kun aza ban lura ba? Tun da kunka dawo Tungar Guru ba mai duban idona. An maishe ni abin gaisuwa, a duƙa a wuce." Na ji kunya ta rufe ni. Ya juya wurin Fatiha. "Ke, jikata ta hwari ta girme ki. To daga yau ni ba Babanku na ba. Kaka ni ke. Ku hwaɗa min abin da kuka hwaɗa ma kakanninku."

Fatiha ta dube ni, na sunkuyar da kai. Sai na ji muryarta, a karon farko ba sai an matso ba.

"To, tsoho mai ran ƙarhe, taso mu tahi waje. In ka karanta wanga rubutu naka bakin rana, ni da kaina ni ka kai ka Makka."

Ta ja shi har tsakar harabar ofis, muka bi su, ta miƙa masa waya. Ya mayar da gilashi, ya kai wayar kusa, ya kai ta nesa, ya juya wa rana baya. Ta ce ya shigar da sunan yaro ya ajiye. Ya lalaba ya shigar, ya danna, sunan ya ɓace. Ya yi dariya har da tari, mu ma muka saki tamu. Sannan ya tsaya cak.

"Yaro nawa na goge hakanga can ƙauye?"

"Guda na, Kaka," in ji Ɗahiru, "kuma an maido shi."

Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana kallon wayar. "Amarya, ɗauko kujera ki zamna kusa gare ni. Zayyanag ga za mu hwara hiddawa."

Da hannunsa ya cire ta. Rubutu ya zama baƙi manya a kan fari, maɓallin ajiyewa ya koma kore ya cika ƙasan shafi, na gogewa aka kai shi can sama, kuma sai ya tambaye ka kafin ya goge. Suna yi suna faɗa, ita tana ce masa idonsa ya ƙare, shi yana cewa ya fasa auren.

Ranar gwaji a Bukkuyum ta faɗo ranar kasuwa, asibiti cike da mata. Ma'aikatan lafiya suka yi ta shigar da yara ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta nemi a nuna mata inda za ta danna. Babban sakatare ya karɓi wayar ya gwada da kansa, ya tambaye ni mutum nawa nake bukata a ƙara mini a shekara mai zuwa. Sannan ya ɗaga wayar ya ce wa ya zana wannan shafin.

Malam Dalhatu ya gyara tsayuwa a kan gwiwarsa mai ciwo.

"Ranka shi daɗe, ni da jikokina."